Babi na Tara: Riƙo Tsakanin Rodi da Kankare a Ginin Zamani

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi nazarin sana'ar gini ta gargajiya, da kayan aikinta, da kalmomin da magina ke amfani da su. Wannan babi zai ɗora a kan wancan, ta hanyar duba wani al'amari guda daga ginin zamani, wato riƙon da ke tsakanin rodi da kankare. Za a bayyana ma'anar wannan riƙo, da yadda yake samuwa, da abubuwan da ke raunana shi. Daga nan sai a yi bayanin wani sabon nau'in kankare wanda yake zaunar da kansa ba tare da an girgiza shi ba, kuma ake cuɗa shi da zaruruwa domin ƙarin ƙarfi.

Dalili biyu ne suka sa aka kawo wannan batu cikin darasin Hausa. Na farko, malamin Hausa yana buƙatar ya saba da bayyana al'amuran kimiyya da fasaha cikin harshen da manomi da lebura za su fahimta. Na biyu, batun ya shafi rai da dukiya, domin rufin da ke bisa kan ɗalibai a aji, ko bisa kan masallata a masallaci, wannan riƙo ne ke ɗauke da shi.

Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya:
(a) bayyana dalilin haɗa rodi da kankare;
(b) kawo hanyoyi uku da kankare ke riƙe rodi;
(c) bambance kankare mai zaunar da kansa da kankaren da aka cika wa ruwa;
(d) nuna alaƙar zaruruwan zamani da ramnon maginin gargajiya.

9.1 Sauyin Gini a Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya bi ta Dawakin Tofa zuwa Bichi, ko ya ratsa Minjibir da Makoɗa da Kunci, zai lura da cewa da wuya a ga fili wanda ba gona ba ne ko gida. Gona tana jikin gona, ƙauye yana hango ƙauye, kuma ana noma ƙasar kowace shekara ba a bar ta ta huta ba, sai dai a ciyar da ita da taki. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki da ke kewaye da birnin Kano tun shekarun 1960, ya kuma nuna yadda jama'a masu yawa suke rayuwa a kan ƙasa kaɗan ta hanyar kula da ita.

Wannan matsin ƙasa ya shafi gini. A da, magini yakan haƙo ƙasa daga kududdufin bayan gari, ya yi tubali, ya rufe soro da azara. Yanzu kuwa fili ya yi tsada, giginyar da ake fasawa a sami azara ta yi ƙaranci, ga kuma wahalar yaɓe da ake yi wa ginin ƙasa kafin kowace damina. Saboda haka mutane suka koma ga bulo da siminti. Mai ɗan hali yakan zuba linta a kan ƙofa da taga, wanda ya fi shi ya tsayar da pila, wani ma ya zuba dakin domin ya hau bene, tunda babu filin faɗaɗawa. Haka nan masallatai da ajujuwa da shaguna da tankunan ruwa da kwalbatocin hanya, duk da rodi da kankare ake yin su.

Sai dai akwai wani giɓi. Maginin gargajiya ya gaji saninsa kaka da kakanni, ya san halin ƙasa da halin azara. Amma da yawa daga masu zuba kankare a karkara da ido suka koyi aikin, sun san yadda ake yi, ba a taɓa bayyana musu dalilin yin sa haka ba. Wanda bai san dalilin abu ba kuwa, yana da sauƙin barinsa idan ya ga zai rage kuɗi ko lokaci.

9.2 Dalilin Haɗa Rodi da Kankare

Kankare haɗi ne na siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Idan ya daskare yakan zama kamar dutse, kuma halinsa halin dutse ne: yana jure danniya ƙwarai, amma ba ya jure ja. Ƙarfinsa wajen jure ja bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen jure danniya ba. Ƙarfe kuwa yana jure ja sosai.

Domin fahimtar wannan, a ɗauki ɗanyen kara a ɗora shi a kan duwatsu biyu, sa'annan a danna tsakiyarsa. Za a ga samansa yana tattarewa, ƙasansa kuma yana miƙewa har ya tsage. Haka linta da bim da dakin suke idan nauyi ya hau su: sama yana shan danniya, ƙasa yana shan ja. Shi ya sa ake shimfiɗa rodi a ɓangaren ƙasa, domin ya karɓi jan da kankare ba zai iya ɗauka ba. A rumfar bene da ta fito waje ba ta da pila a gabanta kuwa, al'amarin juyawa yake yi, jan yana sama ne, don haka rodin ma a sama ya kamata ya zauna.

Wannan dabara ba ta daɗe ƙwarai a duniya ba. A shekarar 1824 ne Joseph Aspdin, wani birkila a garin Lids na Ingila, ya yi rajistar simintin da aka sa wa suna Portland. A 1867 Joseph Monier, mai aikin lambu a Faransa, ya yi rajistar tukwanen shuka na siminti masu ragar ƙarfe a ciki. Daga nan dabarar ta bunƙasa har ta kai ga gadoji da benaye. Abin da ya sa zaman ƙarfe da kankare ya yi daɗi shi ne, idan zafi ya buge su kusan daidai suke buɗewa, idan sanyi ya zo kusan daidai suke tsukewa. Bugu da ƙari, siminti yana da kaifi irin na toka ko kanwa, kuma wannan kaifi yana kare ƙarfe daga tsatsa muddin kankaren ya lulluɓe shi da kyau.

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To amma hannu biyu ma ba za su ɗauke ta ba sai sun ɗaga tare. Idan rodi yana zamewa a cikin kankare kamar yadda takobi ke zamewa a kube, nauyin da ke kan kankaren ba zai taɓa isa ga rodin ba. Kankaren zai tsage ya faɗi, rodin yana nan lafiya lau bai yi aikin komai ba. Abin da ke hana wannan zamewa shi ne ake kira riƙo a wannan babi.

9.3 Yadda Kankare ke Riƙe Rodi

Masana sun raba riƙo gida uku.

Na farko shi ne mannewa. Kunun siminti yana manne wa fatar ƙarfe yayin da yake daskarewa, kamar yadda ƙullu ke manne wa ƙwarya. Wannan riƙo mai rauni ne, da zarar rodin ya motsa ko da kaɗan ne sai ya saki.

Na biyu shi ne guga. Kankare yakan ɗan tsuke idan yana bushewa, sai ya matse rodin. Ko bayan mannewa ta saki, kaushin fatar ƙarfen da wannan matsi suna hana shi zamewa cikin sauƙi.

Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne saƙo. Idan aka duba rodin gini za a ga jikinsa ba sumul yake ba, yana da ƙananan tudu a jere kamar kunyoyin gona. Kankare yana shiga tsakanin waɗannan kunyoyi ya daskare, ta yadda rodin ba zai fita ba sai ya murƙushe kankaren da ke gaban kowace kunya, ko kuma ya tsaga wanda ke kewaye da shi. Tun 1884 Ernest Ransome ya yi rajistar murɗaɗɗen ƙarfe a Amurka domin ya ƙara riƙo, kuma a 1913 Duff Abrams na Jami'ar Ilinoyi ya wallafa sakamakon gwaje-gwaje masu yawa a kan riƙon ƙarfe da kankare. A 1971 wani masani ɗan Japan, Yukimasa Goto, ya ɗura tawada cikin kankaren da ake jan rodinsa, sa'annan ya fasa shi. Sai ga ƙananan tsagogi sun bayyana, kowace ta taso daga bakin kunya ɗaya. Wannan ya tabbatar da cewa kunyoyin ne ke miƙa nauyi daga ƙarfe zuwa kankare.

Daga nan za a fahimci cewa riƙo yana lalacewa ta hanya biyu. Ko dai rodin ya zare, ya bar rami a bayansa, ko kuma kankaren ya tsage a tsawon rodin, kamar yadda itace ke tsagewa idan aka buga masa weji. Tsagewa ta fi haɗari, domin farat ɗaya take zuwa ba gargaɗi, kuma ta fi aukuwa a inda kankaren da ya lulluɓe rodi ya yi siriri.

9.4 Auna Riƙo da Lissafinsa

A ɗakin gwaji akan binne guntun rodi a tsakiyar curin kankare, a bar tsawon da ya taɓa kankaren ya zama ninki biyar na kaurin rodin. Bayan kwana 28, wato lokacin da aka saba auna ƙarfin kankare, sai a sa inji ya ja rodin har ya zame. Akan raba ƙarfin jan da faɗin fatar rodin da ke cikin kankare, abin da ya fito shi ne ƙarfin riƙo.

Ga misalin da zai kusantar da lissafin. Rodi mai kaurin milimita 12, idan ƙarfensa mai inganci ne, yana iya ɗaukar jan da ya kai kimanin tan 5 kafin ya fara miƙewa. Wannan daidai yake da buhun hatsi 50 masu nauyin kilo 100 kowanne. A lissafin injiniyoyi kuwa, wanda ake barin rara a cikinsa domin tsaro, kowace santimita ɗaya ta wannan rodi da ke binne cikin kankare mai kyau tana riƙe kusan nauyin buhu ɗaya. Ke nan kafin rodin ya iya ba da dukkan ƙarfinsa, sai an binne fiye da santimita 50 daga cikinsa. Wannan ne asalin ƙa'idar da ake ji a wurin gini, cewa idan za a haɗa rodi biyu sai a haɗa su da tsawon da ya kai ninki 40 zuwa 50 na kaurinsu. Mai ɗaurin rodin da ya haɗa su da taƙi ɗaya kawai domin ya rage asarar ƙarfe, ya zubar da fiye da rabin ƙarfin rodin da mai gida ya saya da kuɗinsa. Wayar ɗauri ba ta ɗaukar nauyi, aikinta kawai ta tsayar da rodi a wurinsa har a gama zubi.

9.5 Abubuwan da ke Raunana Riƙo

(i) Yawan ruwa. A 1918 Duff Abrams ya nuna cewa ƙarfin kankare yana raguwa gwargwadon yadda ruwa ya yi wa siminti yawa. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma kwaɓi mai kyau ba ya buƙatar abin da ya wuce kimanin lita 25 ga buhu, har da damshin da ke jikin yashi. Leburori sukan so a ƙara ruwa domin kwaɓin ya yi sauƙin ɗiba da shebur. Rarar ruwan nan idan ta ƙafe sai ta bar ƙananan kofofi a ko'ina, har da jikin rodi.

(ii) Tasowar ruwa. Bayan zubi, tsakuwa da yashi sukan nutse, ruwa ya taso. Ruwan da ke tasowa yakan maƙale a ƙarƙashin rodin da ke kwance, ya bar kogo idan ya bushe. Saboda haka rodin da ke saman bim mai zurfi ba ya samun riƙo kamar na ƙasa. Ƙa'idojin gini na Amurka sun umarci a ƙara kashi 30 cikin 100 a tsawon da ake binnewa ga rodin da ke da fiye da santimita 30 na ɗanyen kankare a ƙarƙashinsa.

(iii) Rashin girgiza. Ɗanyen kankare yana ɗauke da iska a cikinsa. Injin girgiza ne ke fitar da ita, ya sa kwaɓin ya shiga kowane lungu. A karkara sau da yawa da guntun rodi ake soka shi, ko a bubbuga katako da guduma. Idan aka cire katako sai a ga ramuka kamar saƙar zuma, rodi yana leƙowa. Shafe wurin da filasta yana ɓoye aibin ne daga ido, riƙon da aka rasa kuwa ba ya dawowa.

(iv) Ƙarancin lulluɓi. Dole ne a ɗaga rodi daga katako da ƙananan curin siminti waɗanda ma'aikata ke kira biskit, domin kankare ya zagaye shi. A dakin akan bar kimanin santimita 2 zuwa 2 da rabi, a abin da ya taɓa ƙasa kuwa akan bar 5 ko fiye. Idan lulluɓi ya yi kaɗan, damshi yakan kai ga ƙarfe, tsatsa ta kama. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka sai ta tura kankaren ta fasa shi daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa.

(v) Datti. Ɗan jan tsatsa da ba ya ɓarewa ba ya cutar da riƙo. Amma laka da baƙin mai da fenti da tsatsar da ke ɓarewa duk suna shiga tsakanin ƙarfe da siminti. Haka nan yashin da aka ɗebo daga rafi yana cike da taɓo, da ruwan kududdufi mai ƙazanta. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, ruwan da ya dace da sha ya dace da kwaɓi.

(vi) Bushewa da wuri. A wannan yanki bayan kaka ake gini, lokacin da amfanin gona ya shigo hannu. Lokacin ne kuma iskar hunturu ke busar da komai, daga bisani zafin bazara ya zo, wanda yakan haura digiri 40. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, idan ruwan ya ƙafe da wuri ƙarfin ya tsaya a inda yake. Don haka wajibi ne a riƙa shayar da sabon zubi, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ko yashi mai damshi, aƙalla kwana 7.

9.6 Kankare Mai Zaunar da Kansa

Matsalar rashin girgiza ba ta karkarar Kano ce kaɗai ba. A farkon shekarun 1980 injiniyoyin Japan sun lura da cewa gine-ginensu na kankare suna lalacewa da wuri, domin ƙwararrun ma'aikatan da suka iya girgiza kwaɓi sun yi ƙaranci. A 1986 Farfesa Hajime Okamura na Jami'ar Tokiyo ya kawo shawarar a samar da kankaren da zai cika katako da nauyinsa kawai. A 1988 Kazumasa Ozawa ya yi nasarar haɗa samfurin farko a wannan jami'a. An yi amfani da shi a manyan turakun da ke riƙe igiyoyin gadar Akashi Kaikyo, wadda aka buɗe a 1998, daga nan ya bazu zuwa Turai da sauran duniya.

Sirrinsa abu uku ne. Ana rage tsakuwa kuma a zaɓi ƙanana. Ana ƙara gari mai laushi, kamar garin farar ƙasa ko tokar kwal, ko tokar ɓuntun shinkafa idan an ƙona shi bisa ƙa'ida. Sa'annan ana zuba wani sinadari da ke warware ƙwayoyin siminti daga juna, ya sa kwaɓin ya malala alhali ruwansa kaɗan ne. Sakamakon shi ne kwaɓi mai gudu kamar zuma, wanda yake tafiya da tsakuwarsa duk inda ya nufa. Kafin a yi zubi akan gwada shi: a cika wani mazurari da shi a kan faranti, a ɗaga, a auna faɗin da ya malala. Ƙa'idojin Turai na 2005 sun sa wannan faɗi tsakanin santimita 55 da 85. Akan kuma gwada ko zai ratsa tsakanin sandunan rodi ba tare da tsakuwa ta toshe ba.

Ta fuskar riƙo, amfanin wannan kankare a fili yake. Yana zagaye rodi ta kowane ɓangare, yana cika tsakanin kunyoyi, kuma da yake ruwansa ba ya yawan tasowa, kogon da ke samuwa a ƙarƙashin rodin sama yana raguwa. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa idan an haɗa shi daidai, riƙonsa yana kai na kankaren da aka girgiza da kyau, wani lokaci ma ya fi shi.

A nan akwai gargaɗin da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Wanda ya ji labarin kankaren da ke malala da kansa zai iya zaton ai abin da leburori ke yi ke nan idan sun ƙara ruwa. Wannan kuskure ne babba. Kwaɓin da aka cika wa ruwa rabuwa yake yi: tsakuwa ta tsaya a baya, ruwan siminti ya gudu gaba ya tsiyaye ta kafar katako. Mai zaunar da kansa kuwa awo yake buƙata na sikeli, da sinadari, da gwaji, da katako mai ƙarfi wanda ba ya yoyo, domin yana tura katako kamar yadda ruwa ke tura madatsa. Aikin masana'antar kwaɓi ne da kulawar injiniya. Inda babu waɗannan, kwaɓi mai kauri da aka girgiza da kyau shi ne hanyar tsira.

9.7 Zaruruwa: Ramnon Zamani

Maginin gargajiya bai taɓa kwaɓa ƙasa zalla ba. Yakan zuba mata ramno, ya tattake, ya bar ta ta kwana, domin ya san ƙasar da ba ramno tsattsagewa take yi idan ta bushe. Haka nan laso, wanda ake shafe soraye da shi, haɗi ne na katsi daga marina, da gashin dabba daga majema, da ruwan dafara. Gashin nan aikinsa ya ɗinke tsaga tun tana ƙarama. A bakan gizo kuwa, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, azara ce ake ɗaurewa a binne cikin ƙasa, ta zama ƙashin ginin. Ke nan azara tana matsayin rodi, ramno da gashi suna matsayin zaruruwa.

A farkon shekarun 1960 James Romualdi da abokan aikinsa a Amurka suka yi nazarin zuba gajerun wayoyin ƙarfe cikin kankare. A yau ana yin waɗannan zaruruwa da ƙarfe ko roba ko gilashi. Na ƙarfe tsawonsu yakan kai santimita 3 zuwa 6, galibi da lanƙwasa a bakinsu domin su saƙale. Ana kuma gwada zaren tsirrai irin su rama, sai dai shi yana shan ruwa, kuma kaifin siminti yana cin sa a hankali.

An riga an ga cewa kunyoyin rodi suna tura kankare waje har ya tsage. To a nan ne zaruruwa ke aiki. Duk tsagar da ta taso daga jikin rodi za ta tarar da zaruruwa sun gitta mata, sai su riƙe gefenta biyu su hana ta buɗewa. Saboda haka amfaninsu ya fi bayyana a inda tsagewa ce abin tsoro, wato inda lulluɓi bai yi kauri ba, ko inda aka haɗa rodi biyu. Inda kankare mai kauri ya riga ya kewaye rodi, ƙarin da suke yi wa ƙarfin riƙo kaɗan ne. Babbar fa'idarsu ita ce suna sauya yadda gini ke gazawa. Maimakon ya rushe farat ɗaya, sai ya riƙa tsagewa a hankali yana lanƙwasa, mutanen ciki su ga alama su fita.

Amma kowane abu da iyakarsa. Zaruruwa suna rage gudun kwaɓi. Idan suka yi yawa sukan dunƙule kamar gashi a mataji, su toshe tsakanin sanduna, su bar kogo a jikin rodi, sai riƙon da ake nema ya ragu. Shi ya sa a kankare mai zaunar da kansa ba a cika wuce kashi ɗaya cikin ɗari na girman kwaɓin ba, wanda ga zaren ƙarfe ya kama kimanin kilo 78 a kowace mita ɗaya murabba'i mai zurfin mita ɗaya. Haka kuma a bim da pila da dakin, zaruruwa mataimaka ne, ba su maye gurbin rodi.

9.8 Abin da Ya Rataya a Wuyan Al'umma

Rushewar gini ba baƙon labari ba ne a Nijeriya. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas, mutum fiye da 40 suka rasu. A watan Agusta 2022 wani bene da ake ginawa ya rushe a titin Beirut cikin birnin Kano. A ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ɗalibai suna ciki, aka rasa rai 22. Kowane haɗari da musabbabinsa, amma duka suna tunatar da mu cewa aibin da aka binne cikin kankare ba ya fitowa sai ranar da nauyi ya hau.

Ƙasa tana da hukumomi. An kafa majalisar kula da aikin injiniya, COREN, a 1970, an kuma fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa a 2006. Sai dai da wuya idon hukuma ya kai kowane ƙauye. A can, kwamitin masallaci da ƙungiyar iyaye da malamai da mai gidan kansa su ne masu sa ido. Malamin makaranta kuwa sau da yawa shi ne sakataren irin waɗannan kwamitoci. Idan ya san abin da zai duba kafin a yi zubi, wato tsawon haɗin rodi, da biskit, da tsabtar yashi, da yawan ruwa, da injin girgiza, ya kuma nace a nemi injiniya mai rajista ga duk ginin da za a hau samansa, to ya yi wa garinsu hidima. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kankare ma sa'o'i kaɗan yake bayarwa a gyara shi, bayan nan sai haƙuri ko rushewa.

9.9 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa kankare yana jure danniya, ƙarfe yana jure ja, kuma riƙon da ke tsakaninsu ne ke mai da su abu ɗaya. An bayyana cewa riƙo yana samuwa ta mannewa da guga da saƙo, kuma yawan ruwa da rashin girgiza da ƙarancin lulluɓi da gajeren haɗi suna raunana shi. An kuma nuna cewa kankare mai zaunar da kansa yana magance matsalar girgiza, zaruruwa kuma suna hana tsaga buɗewa, kamar yadda ramno da gashi suke yi a ginin gargajiya. Ko wannan sabon kankare ya iso ƙauye ko bai iso ba, darasinsa ya riga ya iso: duk inda rodi yake, kankare mai kyau ya zagaye shi, ya riƙe shi da tsawon da ya isa.

9.10 Muhimman Kalmomi

Riƙo: ƙarfin da ke hana rodi zamewa a cikin kankare.
Kunyoyin rodi: ƙananan tudun da ke jere a jikin rodi.
Lulluɓi: kaurin kankaren da ke tsakanin rodi da waje.
Haɗi: wurin da aka jera rodi biyu suka haɗa tsawo.
Ramno: busasshiyar ciyawar da ake cuɗawa da ƙasar gini.
Laso: shafen gargajiya na katsi da gashi da dafara.

9.11 Tambayoyi

1. Yi bayanin dalilin da ya sa ake sa rodi a ƙasan linta, amma a saman rumfar da ba ta da pila a gabanta.
2. Kawo hanyoyi uku da kankare ke riƙe rodi. Wacce ta fi muhimmanci, kuma me ya sa?
3. Idan kaurin rodi milimita 16 ne, nawa ne tsawon haɗinsa bisa ƙa'idar ninki 50?
4. Bambance tsakanin kankare mai zaunar da kansa da kankaren da aka cika wa ruwa.
5. Tattauna kamanci da bambanci tsakanin ramno da zaruruwan zamani.
6. An yi amfani da kalmar "kunyoyi" daga fagen noma domin bayyana wani abu a fagen gini. Kawo wasu kalmomi uku na Hausa da aka faɗaɗa ma'anarsu ta irin wannan hanya.

9.12 Aikin Yi

Ziyarci wurin da ake gini a garinku, bayan ka nemi izinin mai aikin. Tattara kalmomi 20 da ma'aikata ke amfani da su, ka raba su gida biyu: na asalin Hausa da na aro. Sa'annan ka rubuta jawabi na shafi ɗaya wanda za ka karanta a gaban kwamitin ginin masallaci ko makaranta, kana bayyana musu abubuwa biyar da ya kamata su duba kafin a zuba dakin.